Fili ya shekara shida ba a noma shi ba: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya ba ni aron filinsa a bayan Rigachikun, ƙafa 100 a 100, in riƙa nomawa kafin ya tashi gini. Ya kai shekara shida ba a taɓa shi ba. Ciyawa ta fi tsayina, akwai ƙananan itatuwa da suri, gefe ɗaya kuma maƙwabta sun mai da shi bola. Ban taɓa noma ba, kuma ni ma'aikaci ne, Asabar da Lahadi kawai gare ni. Wasu sun ce in cinna masa wuta, wasu sun ce in kira tarakta, wasu sun ce feshi. Yanzu muna ƙarshen Fabrairu. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tambayar a kan kari, domin Maris da Afrilu su ne watannin wannan aiki a Kaduna.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da ciyawar da ta fi tsayinka. Gamba da ƙyasuwa ne mafi yawanta, kuma ba su ne abokan gabarka ba. Ƙyasuwa shekara ɗaya take yi ta mutu, gamba kuwa gindi ɗaya gare ta, in ka tuge ta da fartanya magana ta ƙare. Shekara shidan nan da suka yi suna tsirowa suna ruɓewa, taki suke zuba maka. Ƙasar da ta huta haka ita manoma ke kira saura, kuma ana neman ta. Abin da zai wahalar da kai yana ƙasa, a cikin saiwa, kuma sau da yawa ciyawarsa ba ta wuce gwiwa ba. Don haka kafin wuta ko tarakta ko feshi, sai ka san wace ciyawa ce a wane gefe.

Amma kafin ka ɗauki adda, ku zauna da yayanka a gaban mutum biyu. Damina nawa ya ba ka? In ya tashi gini, zai jira ka girbe? Wace bishiya ce ba ya so a taɓa? Aro tsakanin 'yan'uwa yakan lalace ne a kan abin da kowa ya ɗauka ba sai an faɗa ba. Ka sa ya nuna maka turakun iyaka huɗun da ƙafarsa, don a filin da ciyawa ta rufe abu ne mai sauƙi ka sassabe wa maƙwabci mita biyu ka tayar da rigima. Ka gaisa da mai unguwa da maƙwabtan da ke zuba shara, su san yanzu wurin yana da mai shi.

Ranar farko zagayawa kawai za ka yi. Ka sa dogon takalmin roba da wando mai kauri da safar hannu, ka riƙe doguwar sanda kana buga ciyawa gabanka. Saura irin wannan gidan kasa ce da kububuwa da gamsheƙa, ga kunama ƙarƙashin kowane dutse da tsohon bulo. Kada ka zura hannu a ramin suri ko ƙarƙashin kwano, ka juya shi da sanda tukuna. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsaga shi, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi a nufi babban asibiti nan take, ko da mutum bai ji komai ba, domin dafin kububuwa jini yake hana daskarewa kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna. Tun da akwai bola, in ka daɗe ba a yi maka allurar tetanos ba, ka je a yi maka.

A wannan zagaye ciyayi huɗu za ka nema. Ta farko tofa: ganyenta a miƙe yake kamar takobi, gefensa yana yankan hannu, in ta yi fure sai ka ga farin gashi kamar auduga. Tona ƙarƙashinta za ka tarar da farar saiwa mai gaɓa-gaɓa tana tafiya a kwance, bakinta da tsini har yana huda gyaɗa da dankali. Mafi yawan wannan saiwa tana cikin santimita 20 na sama, wata takan nutsa ta ninka haka. Kowane guntu mai gaɓa ɗaya sabuwar tofa ce. Ta biyu kiri-kiri, mai yaɗo a kan ƙasa da ƙarƙashinta, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta kafa. Ta uku aya-aya, mai 'ya'ya a ƙasa jere a kan zare, ka cire ɗaya ka bar biyar. Ta huɗu balasa, mai kauri da ruwa a jiki, wadda in ka nome ta ka bar ta a kan kunya, ruwa ɗaya ya isa ta sake kamawa. Duk inda ka ga ɗayansu ka kafa turke ka ɗaura tsumma. Ka kuma duba ko akwai karara a kan itatuwa. Gashin kwasfarta yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, sai a sare ta daga gindi da sassafe kafin iska ta tashi.

Akwai ta biyar da ba za ka gani yanzu ba, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irinta yana kwance a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar masara ko dawa ko gero. Tambayi dattawan wurin ko gonar tana da ita lokacin da ake nomanta. Amsarsu ce za ta nuna maka irin masarar da za ka saya.

Yanzu lissafi. Ƙafa 100 a 100 kusan murabba'in mita 930 ne, wato duk abin da aka ce a zuba a kadada ɗaya, ka raba shi gida 11. Shawarata mai ƙarfi ita ce bana rabi kawai za ka noma, mita 15 a 30. Mai Asabar da Lahadi da ya buɗe fili duka, a watan Yuli ciyawa za ta riga shi, ya rasa ta inda zai kama, daga nan sai zuciya ta karaya. Masu fara noma da yawa a nan suke ajiye fartanya, ba a wajen sassabe ba. Zaɓi rabin da ya fi nisa da bolar, wanda rana ke samu sosai, kuma turakunka masu tsumma suka fi ƙaranci.

Batun wuta. Gaskiya ne tana share fili cikin rabin awa, amma ga abin da take ci. Sinadarin naitirojin da ke cikin ciyawa, wanda shi ne ƙasar Kaduna ta fi rashi, hayaƙi yake bi ya tafi. Tokar da ta rage tana da amfani, sai dai iskar bazara da ruwan farko sukan kwashe ta. Ƙasa kuma ta zauna tsirara wata biyu a ƙarƙashin zafin Maris da Afrilu. Mafi muni, wuta ba ta kai wa saiwar tofa. Share mata fili take yi, shi ya sa bayan gobarar daji tofa ce ke fara fitowa kore shar har da fure. Ga kuma haɗarin darnin maƙwabci. Abin da za ka ƙona kaɗan ne: ƙaya, karara, kan ciyawar da ya riga ya yi iri, da busasshiyar saiwar tofa. Ka tara su tsibi ɗaya a tsakiya, ka share kewayensa mita uku, ka ƙona da sassafe ko da yamma lis in iska ta kwanta, da bokitin ruwa a kusa. Leda da taya ba a ƙona su a gona.

Tarakta kuwa ba ta dace da wannan fili bana ba. Faifan haro, wato ƙarfen da tarakta ke ja tana farfasa ƙasa, yana daddatsa saiwar tofa da kiri-kiri ya watsa su ko'ina, gefe ɗaya mai tofa ya koma fili duka. Kututture kuma yana lalata faifai, mai tarakta zai kauce masa ya bar maka aikin.

Sassaben kansa haka yake tafiya. Fara da buɗe hanya a kan iyaka, sannan ka sare ciyawa da adda ko lauje daf da ƙasa, kana ja da sanda mai ƙugiya. Adda mai kaifi rabin aiki ce, ka tafi da dutsen wasawa. Ka yi aiki daga fitowar rana zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, zafin Maris ba abin wasa ba ne. Ciyawar da ka sare kashi biyu za ka yi mata: wani kashi na takin da za ka haɗa, wani ka tara a gefe don shimfiɗa tsakanin kunyoyi daga baya. In za ka ɗauki 'yan ƙwadago, ku yi jinga a kan abin da ido ke gani, kuma ka faɗa musu tun farko ba a sa wuta, domin in ka juya baya ashana ce mafi sauƙi gare su.

Itatuwa sai an zaɓa. Ɗorawa da kaɗanya da gawo ba a sare su, sai dai a rage rassan ƙasa. Gawo ma a damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa. Kalgo in yana bakin iyaka, ka bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka sare sauran, ganyensa taki ne. Wannan shi ne abin da manoman Maraɗi ke kira sassaben zamani. Amma darbejiya da malaina da ɗunɗu da suka tsiro a tsakiyar inda za ka yi kunya, sai an tono su, don in ka sare kawai, toho goma za su fito. Ka bar kututturen da tsayin ƙugu ya zama maka mariƙi, ka haƙa kewayensa zurfin santimita 40 zuwa 50, ka datse saiwoyin gefe da gatari, ka rinjaye shi gefe guda ka sare uwar saiwar. Wanda ya fi ƙarfinka ka ƙyale shi, kana karye tohonsa duk sati biyu, a hankali zai gaji ya mutu.

Suri in ba a tsakiyar aikinka yake ba, ka bar shi. In ya zama dole, ka fasa shi da diga ka baza ƙasarsa a inda yashi ya yi yawa, laka ce mai kyau. Kada ka zuba masa fetur ko baƙin mai. Gara busasshen abu take nema. Gonar da ke da ciyawa a shimfiɗe ta ba ta abinci, gonar da aka share ƙal kuwa sai ta koma kan karan masara.

Gefen bola yana buƙatar haƙuri. Ka tsince leda, kwalba, gwangwani da baraguzan gini da manjagara, ka fitar da su daga filin. In tokar murhu ce da sharar gida da kashin awaki, wurin zai fi ko'ina ƙarfi. In kuwa ka tarar da tsofaffin batura, ko alamar an zubar da baƙin mai, ko sharar asibiti, ka kwashe ƙasar saman wurin ka fitar, kuma kada ka shuka ganye ko abin da ake tonowa a nan. Dalmar batir ba ta ruɓewa, kuma yara ta fi yi wa illa.

Sai ka leƙa cikin ƙasar. Haƙa rami uku a wurare daban, zurfin santimita 60. A yawancin tudun Kaduna za ka ga baƙa-baƙar ƙasa a sama, kaurinta bai fi tafin hannu ko ɗani ɗaya ba, sai jangargari a ƙarƙashi, wani wuri kuma ka ci karo da marmara. Wannan siririn baƙin shi ne dukiyar da shekara shida ta tara, shi ya sa ba a kifar da shi ƙasa a ɗago ja sama. In marmara tana kusa, ƙasa da santimita 30, wurin na gyaɗa ne da wake, masara za ta sha wahala in ruwa ya ɗauke. Cika ramin da ruwa, ya tsotse, ka sake cikawa. In ka dawo washegari ruwa na nan, wurin yana riƙe ruwa, sai kunya mai tsayi da hanyar fitar ruwa. Jiƙa ƙasa ka murza a tafin hannu: in ta ƙi dunƙulewa jigawa ce, takin zamani zai riƙa zurarewa, sai a raba shi kashi-kashi, in ta yi igiya mai santsi laka ce, kada ka nome ta tana jiƙe sharkaf, za ta daskare.

Yanzu babban aikin, tofa da 'yan'uwanta. Hanya biyu ce, kuma ana iya haɗa su.

Ta hannu ita ce ta fi tabbas a ƙaramin fili. Ƙasa tana da tauri yanzu, don haka ko ka jiƙa wurin da yamma ka haƙa da safe, ko ka jira yayyafin farko na Afrilu. Ka sa diga ka ɗago ƙasa gunduwa-gunduwa zurfin santimita 25 zuwa 30, ka farfasa da hannu, ka zaro saiwar da tsawonta, kada ka sassare ta. Ka zuba a buhu ko baro, ba a ƙasa ba. Ka shanya a kan tsohon kwano ko dutse sati biyu zuwa uku har ta riƙa karyewa ƙaras, sannan ka ƙona. 'Ya'yan aya-aya ma rana ce ke kashe su, shi ya sa kaftun rani ya fi na damina amfani a kanta. Aikin yana da cin rai, wuri kaɗan za ka gama a yini, kuma ba za ka tsince duka ba. Bayan sati biyu da ruwa, duk tsinin da ya leƙo ka bi shi ka tono. Zagaye na biyu da na uku su ne ke gama da ita.

Ta feshi kuma sai an bi ƙa'idarta, in ba haka ba asarar kuɗi ce. Maganin da ke bin ganye ya gangara saiwa shi ne gilifoset, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roundup da Force Up. Ba ya aiki a kan busasshiyar ciyawa ko wadda ƙura ta rufe, don haka feshi a Maris zubar da magani ne. Ka sare tukuna, ka jira ruwa ya sauka, tofa ta sake fitowa kore ta kai santimita 20 zuwa 30, yawanci cikin Mayu. Ga mai ƙarfin giram 360 a lita, ana ba tofa lita 4 zuwa 6 a kadada, wato mililita 190 zuwa 280 ke nan a rabin filinka in duka tofa ce, cikin famfon feshi ɗaya mai lita 16. Ka karanta takardar jikin gorar, ita ce gaba da maganar mai shago. Ruwan ya zama garau, domin laka tana kama maganin ta kashe ƙarfinsa. Ka fesa da safe bayan raɓa ta bushe, babu iska, kuma babu alamar hadari na awa shida. Ka rufe hanci da baki, ka sa safar roba, ka yi wanka bayan ka gama, gorar kuma a huda ta kada wani ya zuba ruwan sha. Sannan ka bar wurin sati biyu cur ba fartanya. Masu gaggawa sukan ga ganye bai bushe a kwana uku ba su nome, alhali maganin bai kai saiwa ba.

Magani biyu ka guje musu. Farakwat, mai ƙone ganye cikin yini ɗaya, yana burge ido amma saiwa na nan da ranta, ga shi guba ce da ba ta da makari, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da janye shi. Atirazin kuma, da ake fesa wa gonar masara, yana zama a ƙasa ya kashe wake da gyaɗa da kuɓewa. A gonar da za a cakuɗa amfani ba shi da wuri.

Ciyawar da ka tara ka mai da ita taki tun yanzu. A inuwa, ka yi tsibi mai faɗin mita ɗaya da rabi kowane gefe: busasshiyar ciyawa kaurin santimita 20, ɗanyen ganye santimita 10, kashin dabbobi santimita 5, barbaɗen toka, ka yayyafa ruwa, ka maimaita har ya kai ƙugu ko ƙirji. Ka soka sanda a tsakiya. Bayan kwana huɗu ko biyar ka zaro ta: in da zafi da danshi, aiki na tafiya, in sanyi kuma a bushe, ƙara ruwa da kashi, in tana wari, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshe. Ana juyawa duk sati biyu zuwa uku, ya nuna cikin wata biyu zuwa uku. Saiwar tofa da kiri-kiri da balasa ba sa shiga ciki. Kada kuma ka binne busasshiyar ciyawa da yawa a cikin kunya ka shuka a kai nan take. Ƙwayoyin da ke ruɓar da ita za su janye naitirojin, masararka ta fito rawaya ka rasa dalili.

Shinge ya riga shuka. Awakin unguwa za su gama da aikin wata biyu a yammaci ɗaya. Waya da turaku, ko darnin kara da ƙaya, duk wanda aljihu ya ɗauka. In yayanka ya yarda, ka dasa sandunan binidazugu a jikin shingen da farkon damina, tazarar santimita 30 zuwa 50. Dabba ba ta cinsa, sai dai a hana yara 'ya'yansa don guba ne.

Ruwan Kaduna wajen milimita 1,200 ne a shekara, mafi yawansa a Agusta da Satumba, kuma yana zuwa da ƙarfi. Saboda haka kunya a gicciye take da gangare, ba a bin sa. Ka lura da inda ruwan farko ya bi, shi zai nuna maka. Tazarar kunya santimita 75. In gangaren ya ba da dama ka jera su ta gajeren gefe, za ka samu kunya 40 masu tsawon mita 15. Kafin huɗa ka zuba ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki bokiti ɗaya a kwarin kowace kunya, ƙasa ta rufe shi; na kayan miya ka ninka sau uku. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, sai ya yi sati biyu zuwa uku a ƙasa tukuna.

Kada ruwan Afrilu ya ruɗe ka. Yakan sauka sau ɗaya ko biyu ya ɗauke sati uku, iri ya tsiro ya ƙone. Amfaninsa ɗaya gare ka: zai tayar da irin ciyawar da ke saman ƙasa. Ka bar su su fito kamar gashi, ka kankare su sama-sama da fartanya da rana tsaka, kada ka zurfafa ka ɗago wani sabon iri. In ka samu yin haka sau biyu kafin shuka, ka rage wa kanka noman firi, wato noman farko bayan shuka, sosai. Shuka sai ruwa ya zauna, ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, in ka tona ɗani ɗaya ka tarar da danshi.

Ga yadda zan raba kunya 40 ɗin: masara 15, gyaɗa ko waken suya 10, dankali 6, wake 5, kayan miya 4. Dankali da wake mai yaɗo ka kai su inda tofa ta fi yawa, domin tofa ba ta jure inuwa. Amma sai ka tono ta sosai tukuna, kada ta huda dankalin. Kabewa biyu ko uku a bakin iyaka su ma suna rufe ƙasa.

Iri ka saya a wurin dillali mai rajista, a cikin ledarsa a rufe, ba na awo a kasuwa ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da irin da suka dace da yankinmu: SAMMAZ 15 tana jure wuta-wuta, SAMNUT 24 gyaɗa ce mai saurin nuna, SAMPEA 14 da 15 wake ne masu jure wuta-wutar wake. In dattawa sun ce gonar tana da wuta-wuta sosai, ka rage masara ka ƙara waken suya, domin saiwarsa tana sa irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Duk wadda ta fito kuma a tuge ta kafin furenta ya yi iri, a fitar da ita daga gonar.

Masara: rami duk santimita 50, zurfin santimita 4 zuwa 5, ƙwaya uku, bayan sati biyu a cire a bar biyu. Rabin kilo na iri ya ishi kunya 15. Abin da ake ba masara a yankinmu shi ne NPK 15:15:15 buhu 8 da yuriya kusan buhu 3 a kadada. A naka lissafin, giram 15 na NPK a kowane rami, kusan marfin kwalbar lemo uku, kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, wato wajen kilo 7 gaba ɗaya. Yuriya marfi ɗaya a rami a sati na biyar zuwa shida, kilo biyu da ɗan kai. Ka huda rami nisan yatsu huɗu daga gindi, ka zuba, ka rufe, ƙasa tana da danshi. Yuriyar da aka watsa a sama iska take bi, wadda ta taɓa gindi kuma ƙuna take yi. In komai ya tafi daidai, kunya 15 za su ba ka wajen rabin buhu ko fiye kaɗan. Ka san haka tun yanzu don kada ka yi tsammanin abin da filin ba zai iya ba.

Gyaɗa a Yuni, ƙwaya biyu duk santimita 20, da takin zamani na sufa (SSP) wajen kilo 3 a kunya 10 lokacin huɗa. Ba ta buƙatar yuriya. Waken suya daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Dankali a Yuli, yankan yaɗo mai tsawon santimita 30, tazarar santimita 30, a binne kashi biyu cikin uku. Wake sai ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, don ya nuna bayan ruwa ya ja baya. In ka yi sammako ganye zai yi ta yi, kwasfar kuma ta ruɓe. Kafin lokacin dankali da wake ya yi, kunyoyinsu su kasance a rufe da ciyawa. Kuɓewa ka jiƙa irin ya kwana, ƙwaya biyu duk santimita 40. Alayyafo ka gauraya irinsa da yashi kafin ka yafa, cikin sati huɗu ka fara tsinka. Rama da yakuwa ba sa ba da wahala. Tumatir ka bar shi tukuna, na damina cuta ke cinye shi ko a hannun gwani.

Sati shidan farko bayan shuka su ne ke yanke hukuncin daminar. Noman firi a sati na biyu zuwa na uku, maimai a na biyar zuwa na shida, sannan a tayar wa masara ƙasa a gindi bayan yuriya. Ka nome ciyawa tana ƙarama, ba sai ta yi kyan gani ba. Asabar ɗaya da ka tsallake a Yuli sai ka biya ta da uku. Bayan noman firi ka shimfiɗa ciyawar da ka ajiye a kwarin kunyoyi, kaurin yatsu huɗu, ba ta taɓa gindin shuka ba. Tun sati na biyu kuma ka riƙa leƙa cikin kunnen masara. Tsutsar masarar nan da ake kira fall armyworm, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016, tana farawa da ƙananan tagogi a ganye, sai ka ga kashinta kamar garin katako a tsakiya. A kunya 15 kana iya murƙushe ta da hannu ko ka zuba yashi da toka a kunnen. In ta yi yawa, a fesa maganin imamektin da yamma, a saita bakin famfo cikin kunnen.

Ɗaya rabin kuma ba a barin sa haka nan. Ka riƙa sare shi duk sati huɗu zuwa shida, kada komai ya yi iri, abin da ka sare ya tafi tsibin taki ko kwarin kunya. Ka haƙa ɗan lambatu mai zurfin santimita 30 tsakaninsa da inda ka noma don saiwar tofa kada ta ratso, kana duba shi duk wata. In ka samu tsohuwar tamfol ko baƙar leda mai kauri, ka rufe wurin da ya fi tofa da ita damina guda, ka danne gefuna da ƙasa. Siririyar leda tofa huda ta take yi. Kwali ma yana yi in an lulluɓe shi da ciyawa, sai dai gara za ta cinye shi cikin 'yan makonni, a sake sa wani. In ba ka da ko ɗaya, ka yafa wake mai yaɗo a wurin cikin Yuli. A Oktoba, kafin ƙasa ta bushe ta yi tauri, ka shiga wannan rabin da diga ka fara tonon saiwa, ka shanya ta hunturu ya busar. Karan masara da harawar da ba ka buƙata su kwanta a kan kunyoyinsu har bazara, baɗi kuma masara ta koma inda gyaɗa da wake suka tashi.